Ranar da ajiyar WhatsApp ɗina ta tsaya a hanya

Kafin ka sayar da wayarka ko ka kai ta gyara, shiga WhatsApp, ka danna Settings, sai Chats, sai Chat backup, ka duba ranar ajiyarka ta ƙarshe. Ni da na duba tawa, wata huɗu ke nan rabonta da kammaluwa. A ciki akwai lissafin bashin masu sayen kayana da saƙonnin muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ga shi washegari zan miƙa wayar ga mai saye.

Na danna Back up, ta yi nisa, sai ta cije. Wuri ya cika.

Wurin nan fa biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. WhatsApp yana fara haɗa rumbun saƙonninka a cikin wayar, fayil ɗin da sunansa ya fara da msgstore, sannan ya tura shi Google Drive. In wayar ce ta cika, ko turawar ba za a kai ba. In Drive ne, to ka sani 15GB ɗin kyauta raba shi ake tsakanin Gmail da Google Photos da Drive, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ma a cikinsa ake lissafa ta. Nawa Drive ne, hotunan biki suka cinye shi.

Don Allah kada ka goge WhatsApp da sunan sake saukewa, kada kuma ka taɓa Clear data. Abin da bai hau ba yana iya tafiya.

Na kwashe bidiyoyin biki zuwa kwamfuta, na goge su a Google Photos. Wuri bai ƙaru ba, har raina ya ɓaci, sai na zubar da kwandon shara ma. Sai na kashe Include videos, na shiga Storage and data, sai Manage storage, na share tarkacen da aka yi ta turowa a guruf.

Na jona caji, na sake danna Back up. Hotunan da suka riga suka hau bai maimaita su ba, ragowar kawai ya tura. Ban miƙa wayar ba sai da na ga ranar yau a wurin, na sauke ajiyar a sabuwar waya, na kunna muryar Inna na ji ta.