"Ban Sani Ba" Daban, "Babu" Daban

Mun haura shekara talatin muna sayar da taki da iri da maganin feshi a nan Kajuru, ranar Alhamis kuma mu kai kaya Kasuwan Magani. Rabin cinikinmu bashi ne. Manomi ya ɗauki taki da damina, ya biya da kaka in ya sayar da masara ko citta. A littafi muke rubutawa, don tun a Islamiyya aka karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Bara ɗanmu da ya karanta kwamfuta a Kaduna ya mayar mana da littafin cikin waya. Ka taɓa sunan mutum, sai abin da ya ɗauka da abin da ya biya su fito. Abin ya yi mana daɗi.

Rannan muka duba sunan wani manomi, mutumin Adara daga Kufana, tsohon abokin cinikinmu. Buhu shida ya ɗauka. A gurbin abin da ya biya, sai muka ga wata kalmar Turanci, "undefined". Ba lamba, ba komai. Muka fassara wa kanmu: bai biya ba kenan. Muka tura masa yaron shago da saƙo mai zafi.

Washegari ya zo da kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, tun makon jiya na kawo kuɗin, kana masallaci, ƙaninka ya karɓa. Yau ni ne mai cin kuɗinka?" Wallahi gara a ce zaginmu ya yi. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Kasuwan Magani a watan Oktoban 2018 ya san cewa a ƙasar nan zargi ba abin wasa ba ne.

Muka kira yaronmu. Bai yi gardama ba, bai kuma yi hasashe ba. Ya ce, "Baba, bari mu fara ganin abin da ya iso tukun." Ya yi mana bayani cewa lissafin ba a cikin wayar yake ba, yana can a wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Waya aike take yi, ta ci gaba da harkarta kafin amsa ta dawo. Ya buɗo ainihin amsar da sabar ta aiko, sai ga kuɗin mutumin cif, ƙaninmu ya shigar tun ranar.

To ina matsalar? Ashe ya tsara wayar ta jira daƙiƙa ɗaya kacal sannan ta karanta amsa. A Kaduna amsa kan iso kafin nan. Mu nan kuwa, kowa ya san halin sabis ɗinmu. Kamar ka aiki yaro kasuwa ya tambayo farashi, tun bai kai bakin titi ba ka leƙa zaure ka ce me aka ce? A yaren JavaScript da ya yi aikin da shi, kalmar nan ba ta nufin sifili. Nufinta, ba a sa komai a wurin ba tukuna.

Ya gyara. Yanzu waya ba ta karantawa sai amsa ta iso, in kuma ta ƙi isowa sai ta rubuta da Hausa: "Dakata, ba a samu amsa ba."

Gyaran waya ya ɗauki rabin sa'a. Namu gyaran sai da muka hau babur har Kufana, muka ba shi haƙuri a gaban iyalinsa. Ya ce ya wuce, har ya haɗo mu da doya.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, na'urar ba ta yi ƙarya ba. Cewa ta yi ba ta sani ba, mu muka mayar da shi "babu". An ruwaito cewa Imamu Malik, da duk iliminsa, ya sha amsa tambaya da "ban sani ba". Mun sha faɗin haka bayan sallar Asuba, amma a bakin shago muka manta. 'Yan'uwa 'yan kasuwa, in waya ta nuna abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku aika. Littafinmu na takarda kuwa ya dawo kan tebur. Allah Ya tsare mu da ɗaukar alhakin wani.