Ba Kowane Goro Ne Ke Zama Daushe Ba

 Yau ina so mu ɗan taɓa hira a kan daushe, goron da ya kwana ya tashi har ya nuna.

Mahaifina Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi Barno. Kakanninsa da jakuna suke zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu. Shi kuwa daga Shagamu yake saro kaya, tun ana loda huhu a jirgin ƙasa, wanda ya iso Maiduguri a 1964. A rumfarsa na koyi ɗanɗanon goro.

Sabon goro, wanda ake tsinka daga Oktoba zuwa Disamba, ruwa gare shi, ga bauri mai kama harshe. Daushe kuwa in ka fasa shi sai ka ji ƙas! Ɗacinsa ya kwanta, in ka tauna ka kora da ruwa sai zaƙi ya biyo baya. Shi ya sa dattijo kan bar marsa sabuwa ya ɗauki ɗan ƙaramin jan daushe, ko da ya fi tsada.

To amma ba kowane goro ke kai wannan matsayi ba. Baba kan juya goro a tafin hannu, ya duba ko da tabo ko huda, ya ji nauyinsa. Wanda aka tsinka bai ƙosa ba, ko ya ji rauni wajen ɓarewa, a sayar da shi yau-yau. Lafiyayye shi ake jerawa cikin ganye a rufe, a kai ɗaki mai sanyi. Bayan 'yan kwanaki a buɗe, a tsince mai sankara, a sake ganye, a yayyafa ruwa daidai kima. Ruwa ya yi yawa ya ruɓe, ya yi kaɗan ya yanƙwane. Ga zafin garin nan da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Huhu ɗaya in ya lalace, jarin wata da watanni ya tafi.

Abin da ke damuna shi ne, mu 'ya'yan fatake mun fi son cinikin sha-yanzu-magani-yanzu, irin na waya da kati. Masu idon gane goron ajiya duk sun manyanta. In suka kau, wa zai zaɓo goron ɗaurin aurenmu da na sunan 'ya'yanmu? Wannan ilimi ba a aji ake koyar da shi ba, sai an durƙusa gaban huhu.

Don haka duk mai uba ko kawu a wannan sana'a, ya daure ya zauna kusa da shi ranar tsintar goro, ya yi tambaya tun ana iya ba shi amsa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.