Wuni ɗaya a Maraɗi, inda kaya ke sauka

Tun bara kuke tambaya a wurin zubi: me ya sa buhun shinkafa da jarkar mai ke ta hawa, ribar ƙosai da taliya kuwa tana nan inda take? Shi ya sa ran Asabar munka ɗauki hanyar Maraɗi mu biyu da ma'ajiyarmu, ƙawa tun ta ƴanmatanci, don mu gani da idonmu kafin a buɗe akwati a ba da bashin kayan salla.

Mun bar tashar Dakoro bayan asuba, munka wuce Kornaka, munka hau babbar kwalta wajen Tibiri, garin Sarkin Gobir. Da hantsi muna cikin gari.

Maraɗi ba ta da teku, amma ga mu mutanen arewa ita ce bakin ruwa. Ɗan kabu-kabu ya kai mu layin mangazai, inda kamyo ke tsaye, ƴan dako na sauke buhu. Ma'ajiya ta sa tabarau tana karanta jikin buhunan: wannan daga Indiya, wancan daga Tailan. Shinkafar da muke aunawa da tiya ta yi makonni a jirgin ruwa kafin ta ga mota.

A da, yawancin kayan nan a Kwatano suke sauka, su bi ta Malanbil, su haye gada zuwa Gaya, sai Doso, sai Birnin Ƙonni, sai nan. Tun juyin mulkin Yulin 2023 anka rufe gadar, kuma har ranar da munka je ba a buɗe ta ba. Yanzu kaya da yawa a Lome ta ƙasar Togo suke sauka, su ratsa Burkina Faso, su jira rakiyar soja, su iso Yamai, sannan su yo gabas. Duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, da abincin direba da kuɗɗin mai, bisa tiyarmu yake ƙarewa. Mai shagon unguwarku da kuke zargi, ba shi kaɗai ba ne.

Munka tambayi wani mai mangaza farashin sari. Ya ce, "Hajiya, buhu nawa?" Munka ce biyu. Ya yi murmushi ya ce, "In kun kai goma, ku dawo mu zauna." Munka koma gefe munka yi lissafi: buhu biyu, in an sa kuɗɗin mota da na dako, ragin bai kai a ce an yi tahiya ba. Sai in ƙungiya uku ko huɗu sun haɗa kuɗɗi sun aiko mutum guda.

Kayan Kano kuwa daban ne. Roba, kwanuka, takalma da sabulu ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa, iyakar da anka sake buɗewa a watan Maris na 2024. Farashinsu naira yake bi. Kafin ki taya bokiti ko ɗaya, tsaya wurin ƴan canji ki ji jika ɗaya naira nawa take yau. A ganinmu nan ne ƙaramin jari ke da wurin numfashi, don dozin ɗaya ma ana ba ki sari, kuma ba ya da nauyi a mota. Ana ta zancen jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina, wanda anka aza harsashinsa a 2021. Mu dai ba mu ji kukansa ba tukuna.

Bayan azahar munka ce yau fa ba aiki kaɗai ya kawo mu ba. Munka ci tsire da fura a inuwa, babu yaro mai jan zane, babu mai kiran "Inna, ruwa." Munka taka zuwa dandalin Ɗan Kasawa, gaban fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Katsinawan da sunka bar birninsu lokacin jihadi su ne sunka kafa sarautar nan, shi ya sa sunan Katsina bai bar ta ba. Tsohon garin a kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta sa anka hau tudu. In kika leƙa ƙasa yanzu, lambuna za ki gani da itatuwan mangwaro, kore shar, abin da idon mutumin Dakoro ke marmari da rani.

A hanyar tasha munka tsaya kallon jajayen awaki, irin Maraɗi na asali, masu yawan haifar tagwaye. Ma'ajiya ta shafa wata, ta ce, "Yaya, da ba kuɗɗin mutane ne a lalitata ba..." Munka ja ta munka wuce.

Mun iso gida bayan isha. Farashin duk abin da munka taya yana rubuce a littafin ma'ajiya, da ranar da munka ji shi. Shugabannin ƙungiyoyin da ke son shiga sarin shinkafa da mai, su zo zubin Laraba da adadin buhun da za su iya, kuma kowace ta fara shawara da matanta.