Murfin Tanki

Duk wanda ya saba bin hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, wato ranar da kasuwar take ci, ya san irin motocin da ke cika titin tun da asuba. Wasu sun ɗebo tumaki daga ƙauyukan Sule Tankarkar, wasu riɗi da zoɓo daga Gagarawa, wasu kuwa fasinja ne maƙil. Ni abin da idona ya saba faɗawa a kai a jikin waɗannan motoci shi ne bakin tankin mai. Sau da yawa babu murfi a wurin, sai dai tsumma da aka cusa, ko leda da aka ɗaure da igiyar roba. Idan ka tambayi direba, amsar ɗaya ce: “Kafin a samu ne, Malam.” Amma fa tsumman ya riga ya yi baƙi ƙirin, alamar ya ga hunturu fiye da ɗaya.

Wannan sakaci ya fi tsada a ƙasar Gumel fiye da wurare da yawa, saboda yanayin da Allah Ya ajiye mu a ciki. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ko'ina. Da hunturu iska kan kwaso ƙura mai laushi kamar gari, wadda tsumma ba ya iya tarewa. Idan ta shiga tanki sai ta kwanta a ƙasa, famfon mai ya zuƙo ta, ta toshe matacin mai, daga nan ta kai ga kafireto ko nozul, mota ta fara shaƙewa a tsakiyar hanya. Da bazara kuwa zafi kan haura digiri 40, fetur ya riƙa zama tururi yana ficewa ta saƙar tsumman. Da damina sai tsumma ya sha ruwa ya ɗiga ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasan tanki yake sauka, inda famfo ke jan mai, idan tankin na ƙarfe ne kuma ya sa masa tsatsa.

Mutane da yawa sun ɗauka murfin tanki marufi ne kawai, kamar faifan da ake rufe tulu da shi. Haƙiƙa aikinsa ya wuce haka. A tsofaffin motoci da yawa, murfin yana da ’yar kafar shan iska, domin duk man da inji ya ja daga tanki dole iska ta maye gurbinsa. A motocin zamani kuwa an rufe tankin ruf, an yi wa tururin fetur hanya ta bututu zuwa wani gwangwani mai gawayi, inda ake tara shi har inji ya ƙone shi. Murfin irin waɗannan motoci yana da zoben roba da ke hana iska fita, da ɗan bawul mai buɗewa idan matsin cikin tanki ya wuce ƙima. Tun daga motocin 1996, dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera motoci su sa kwamfutar da ke lura da irin waɗannan sassa. Shi ya sa a yawancin motocin da aka shigo da su daga can, murfi mai yoyo kaɗai ya isa ya kunna fitilar gargaɗin inji a gaban direba.

Abin da ya faru da ’yar motata ke nan wata bazara. Na fara jin warin fetur a zaure duk sa'ad da na ajiye ta, ba da jimawa ba kuma fitilar ta kunna. Ina da maƙwabci, dattijo ne da ya shekara da yawa yana jan motar haya tsakanin Kano da Maigatari kafin ya ajiye tuƙi. Na gaya masa ina shirin kai ta gareji. Sai ya ce, “Malam, dakata tukuna. Buɗe mini bakin tankin.” Ya karɓi murfin ya juya shi a hasken rana, ya nuna mini zoben robar, ya bushe ya tsattsage kamar dugadugin mai kaushi. Na ce, “Baba, wannan ɗan abin ne zai kunna fitila?” Ya yi dariya ya ce, “Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan aikin mai mota ne da hannunsa, ba ya buƙatar makanike.”

Wuyar aikin duka tana wajen saye. Dattijon ya umarce ni da in tafi da tsohon murfin a hannu, in kuma rubuta sunan motar da shekarar da aka ƙera ta, domin murafen tanki iri-iri ne. Akwai mai zare da ake murɗawa, akwai mai kunne biyu da ake juyawa kaɗan ya kama, akwai kuma mai makulli. Idan aka sa wa tsohuwar mota murfin da ba ya shan iska, sai mai ya ƙi zuwa wa inji bayan ’yar tafiya. Idan kuma aka sa wa motar zamani mai kafa, fitilar ba za ta mutu ba. Wanda bai samu a shagunan Gumel ba, yana iya ba direba saƙo zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ya kuma gargaɗe ni a kan na gwanjo: in matsa robarsa da yatsa, in ta yi tauri in ajiye, don araha ba ta ado.

Sa shi kuwa bai ɗauke ni minti biyar ba. Na fito da motar fili, nesa da murhu, na kashe inji. Na kwance tsohon a hankali don iskar da ta taru ta fita, na zare igiyarsa daga inda aka maƙale ta. Na goge bakin tankin da tsabtataccen ƙyalle, ina share ƙurar waje don kada ta faɗa ciki. Sa'annan na ɗora sabon daidai a kan zare, na murɗa har sai da ya yi ƙas, alamar ya kama ke nan. Warin ya ɗauke a ranar. Fitilar kuwa sai bayan ’yan kwanaki ana tafiye-tafiye ta mutu da kanta, domin kwamfutar sai ta sake gwaji kafin ta gamsu.

Mai karatu na iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce. To, mu auna ta da ma'auni biyu. Na farko shi ne aljihu. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ya kai wajen naira 500, kuma a ƙarshen 2024 ya wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Man da ake saye da irin wannan kuɗi bai kamata a bar wa iska da rana ba. Na biyu shi ne rai. Tururin fetur shi ne ke kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa har ya isa inda garwashi yake. Mu mutanen Jigawa ba ma buƙatar a kwatanta mana wutar fetur, tun daga abin da ya auku a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura cikin Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi ta kama wuta, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Tsumman da ya sha fetur a bakin tanki lagwani ne, kuma motocinmu a gefen mai shayi da mai tsire suke tsayawa a tasha.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar nan ta “kafin a samu”. Tsumma yana da uzuri a ranar da murfi ya ɓata a hanya, amma ba shi da uzuri a mako na biyu. Haka ɗabi'ar take bin mu har cikin aji: allon da ya koɗe, bencin da ƙusarsa ta fita, yaron da ya kai aji huɗu bai iya bambance “k” da “ƙ” ba, duk a ce a lallaɓa kafin a samu. Babu shakka akwai gyaran da ya fi ƙarfin malami, wanda dole ya jira hukuma. Amma akwai da yawa da ba sa buƙatar komai sai ya duba da kyau, ya tambayi wanda ya sani, ya sa hannu tun aikin yana na minti biyar. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.