Littafin Ma'aji, Maiduguri

Talata, 10 ga Satumba, 2024

Ƙarfe ukun dare waya ta tashe ni. Yaya ce daga Gwange. Ruwa a tsakar gida, ya kai gwiwa. "Ga mu nan za mu fita," sai layi ya yanke. Na kira ya fi sau ashirin. Shiru.

Da gari ya waye aka ce madatsar Alau ce ta ɓalle. An kwana biyu ana faɗin kogin Ngadda ya cika ya batse, amma ba wanda ya kawo haka a ransa. Ruwa ya shiga Fori, Galtimari, Gwange, Bulabulin, har fadar Shehu da Kasuwar Monde. Ɓangarenmu a bushe. Inna na bakin gado da carbi, tana ta maimaita cewa haka Alau ta yi musu a 1994, ina goye a bayanta.

Kafin azahar firamaren unguwa ta cika. Bulama ya sa an buɗe azuzuwa. Mutane ba takalmi, wasu matan ba mayafi. Wani dattijo rungume da akuya, ya ƙi sauke ta.

Bayan la'asar Hajiya shugaba ta tara mu a zaurenta, mu goma sha ɗaya. Shekara shida ke nan muna zuba ɗari biyar-biyar duk Juma'a, kayan Sallar marayu da kuɗin makaranta, iyakar aikin da ƙungiyarmu ta sani ke nan. Ta ce, "Ma'aji, nawa ne a asusu?" Na faɗa. Kuɗin yunifom ɗin marayu goma sha tara ne na sabon zango. Kowa ta sunkuyar da kai. Can Goggo ta ce, "Yau dai ciki ya riga riga." Aka amince a taɓa. Na rubuta a littafi da jan biro: aro.

Laraba, 11

Tukunya uku muka aro wajen mai abincin biki, manya, irin waɗanda sai mutum biyu ke saukewa. Murhun duwatsu a gindin dalbejiyar harabar makaranta. Shinkafa da wake, mai da yaji. Leda 140 muka ƙulla.

Ba su isa ba. Ko rabin layi ba a kai ba. Ni ce a bakin kula lokacin da ta ƙare, ni na ɗaga ta na kifa don su gani da idonsu. Wani yaro mai kamar shekara bakwai ya tsaya yana kallon cikin kular, bai yi kuka ba, ya juya ya tafi. Da ya yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Wayar Yaya a kashe. An ce gari ya rabu biyu, gadar Legas Sitirit ba ta ƙetaruwa. Kwale-kwale da manyan motocin soja ke kwaso mutane. An kuma ce a yi hattara da ruwan, kadoji da macizai sun fita daga gidan zu na Sanda Kyarimi, yawancin dabbobin sun mutu.

Ban ci komai ba sai da dare. Hannuna warin hayaƙi.

Alhamis, 12

Samarin unguwa sun shigo, su wajen talatin. Faskare, ɗebo ruwa, tsare layi. Almajiran tsangayar bayan masallaci su ma, Malam ne ya turo su da jarkoki. Mai shayin bakin titi ya aiko da burodi ashirin, ya ce kada a rubuta sunansa. Na rubuta "wani bawan Allah". Shafin yau kusan duk haka yake, wani bawan Allah, wata baiwar Allah. Mudun gero ɗaya daga wata bazawara da na san ita ma da ƙyar take kai wata. Na so in ce ta bar shi. Hajiya ta taka mini ƙafa. Na karɓa da hannu biyu.

Ƙanena ya sa lambar asusun ƙungiya a WhatsApp. Kafin magariba alat goma sha huɗu. Dubu biyu, dubu biyar, ɗaya daga Kano dubu hamsin, ban san mai shi ba. Tsoro ya kama ni. Kuɗin mutane.

Yau an ci sau biyu, kunu da safe, dafa-duka da yamma.

Har yanzu shiru.

Juma'a, 13

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Yaya da yara uku, a Bakasi. Wani mai Keke Napep ne ya ara mata waya. Kwana biyu suka yi a saman benen maƙwabci, su fiye da arba'in, ruwa gora ɗaya ake zagayawa da shi baki-baki.

Na je na ɗauko su. Sansanin da aka rufe tun 2021, ga shi ya sake cika maƙil. Ƙafafunta sun kumbura, sun yi fari. Ba ta yi maganar Baban yara ba, ni ma ban tambaya ba.

Goggo ce ta riƙe littafi yau.

Asabar, 14

Kaya sun fara zuwa, buhu-buhu. Mun baje su a ajin 'yan shida muna tantancewa. Cikin buhu biyar da ƙyar aka fitar da biyu na sawa. Riga ba hannu, wando a yage tun daga ƙugu, takalmin amarya mai tsini ƙafa ɗaya, rigunan sanyi masu nauyi a wannan zafin. Raina ya ɓaci sosai. Wanda ruwa ya raba da gidansa shekaranjiya yana da akwatinsa da turarensa, ba bola ba ne da za a juye masa abin da ya cushe ɗaki. Amma a buhu na huɗu atamfa shida, wankakku, gogaggu, an ninke, an sa ɗan turaren wuta a tsakiya. Wadda ta aiko, ko wace ce, ta san abin da take yi.

Abin da ba wanda ya aiko: audugar mata. Wata budurwa ce ta ja ni bayan aji ta raɗa mini, idonta a ƙasa. Kwana huɗu. Mu mata goma sha ɗaya, ba wadda ta tuna. Na fitar da kuɗi nan take, katan biyu, da sabulu, da ƙananan wanduna. Rabon a ajin ƙarshe, ƙofa a rufe, ba namiji ko ɗaya.

Lahadi, 15

Rigima kan hoto. Samari na son ɗaukar layin masu karɓa su sa a Facebook, wai sai an gani ake bayarwa. Gaskiyarsu ta wani ɓangaren, ranar da aka sa hoton tukwane alat ya ninka. Amma na ga wata tsohuwa ta ja gyale ta rufe fuska, ta fice daga layi ba ta karɓa ba. Na bi ta da ledarta har aji.

'Yar Bama ce. A 2014 ta gudo da ƙafa, shi ma watan Satumba. Shekaru a sansani, daga baya ta samu ɗaki ɗaya a Gwange tana suyar ƙosai. Kasko, murhu, katifa, keken ɗinkin 'yarta, duk Alau ta tafi da su. Hausarta kaɗan, Barbarcina kaɗan, a tsakiya muka haɗu. Ta ce tana da surukai a gari, ba ta so su gan ta da hannu a miƙe.

An tsayar: a ɗauki tukunya, a ɗauki buhu, a ɗauki rasit. Fuska a'a. Samari biyu sun yi fushi sun tafi.

Rediyo ta ce fursunoni 281 ne suka tsere da ruwa ya rusa katangar gidan yari. Hajiya ta ce daga yau a tashi aiki kafin isha'i.

Litinin, 16

Hutun Mauludi. Shugaban ƙasa Tinubu ya zo gari, jiniya tun rana. Mu muna fama da ɗanyen itace, hayaƙi kawai, wake ya ƙi nuna sai da aka ƙara kanwa.

Leda 310.

Laraba, 18

Jiya ban rubuta ba, zazzaɓi.

Layi ya ƙaru alhali wasu sun fara komawa gida. Dalili a fili yake: 'yan unguwa sun shigo ciki. Na gane fuskoki, har matar mai gadin makaranta da 'ya'yanta. Samari suka ce a kore su, abincin 'yan ambaliya ne. Goggo ta ce yunwar unguwar nan ta girmi ambaliya, tun da aka ƙara kuɗin fetur farkon wata wa ke dafa sau uku? Ni kuma littafi ne a hannuna. Wanda ya turo dubu biyar daga Kaduna ya turo ne da sunan ambaliya. In na ciyar da wani da ita, na ci amana ko ban ci ba?

Mun je wajen Liman bayan azahar. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce abin da aka bayar da sunan wani abu a kai shi inda aka ambata, sai dai a sanar da masu bayarwa in ana son faɗaɗawa. To. Mun yanka kwalin taliya ƙanana-ƙanana, na buga hatimin ƙungiya a kan kowanne, aji-aji aka raba. Masu kati su fara. Abin da ya saura a gindin tukunya, da ƙanzo, na kowa ne. Ƙanena ya rubuta haka a WhatsApp ɗin, ba wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa.

Matar mai gadi ba ta dawo ba. Na aika mata da kwano da magariba, daga tukunyar gidanmu.

Alhamis, 19

Ana ta jin manyan kuɗi a rediyo. Alhaji Aminu Dantata naira biliyan 1.5, Ɗangote, gwamnoni, kowa da nasa. Allah ya saka musu. Wata mata a aji uku ta tambaye ni ko a cikinsu ne muke dafawa. Na ce a'a, namu na mai shayi ne da mai faci. Ta ce to a gaishe su.

Alat uku kacal yau.

Asabar, 21

Na raka Yaya Gwange. Ruwa ya janye, ya bar laka har ƙauri, baƙa, mai wari irin wanda ke bin mutum gida. Alamar ruwa a bango ta wuce kaina. Katangar baya ta zube. Buhun masara ya tsiro a cikin ɗaki. Ta tsaya tana ɗaga takardun makarantar yara ɗaya bayan ɗaya, sun manne sun zama dunƙule. Ta ɗauki hular Baban yara daga kan ƙusa, ita kaɗai ce ruwa bai kai ba, ta sa a jaka.

A layin nasu kowa da abin da yake nema: shebur, tsintsiyar kwakwa, bokiti, baro, maganin wanke ƙasa. Ba wanda ya ce shinkafa. Rijiyoyi sun haɗe da masai. Mu muna can muna ƙulla leda, buƙata ta riga ta canja wuri.

Na faɗa wa Hajiya da dare. Ta ce, "'Yar nan, da wane kuɗin?"

Litinin, 23

Masu aiki bakwai. Daga talatin. Ban ga laifin kowa ba, mai Keke sai ya fita, tela na da ɗinkin mutane. Almajiran ne ba su fasa ba ko kwana ɗaya. Ƙaraminsu ya ƙone a yatsa wajen gyara wuta, ya ɓoye hannun a aljihu don kada a ce ya zauna. Na shafa masa magani, na ba shi aikin ƙirga kati.

Mai abincin biki na son tukwanenta ranar Alhamis, tana da ɗaurin aure.

Mun koma sau ɗaya a rana.

Laraba, 25

Shebur shida, baro biyu, bokiti ashirin. Aro za a riƙa bayarwa, gida-gida, kwana biyu a dawo da su. Wani mai kayan gini ya sayar mana a kan sari, ya ƙara tsintsiya goma kyauta. Na buɗe sabon shafi: wanda ya ɗauka, layinsu, ranar dawowa.

Tsohuwar Bama ta tafi da asuba, ba sallama. Ta bar katinta a kan taga, an ɗora masa dutse. Da na sani da na tambaye ta kuɗin kasko.

Juma'a, 27

Taron mako, na farko tun ranar 10. Na karanta lissafi tun daga shafin farko, shiga da fita, har kuɗin ashana. Ya ɗauki kusan awa. Akwai dubu uku da ɗari biyu da ban ga inda suka shiga ba, ranar da na je Bakasi ne ko ranar zazzaɓi. Goggo ta ce ita ce, leda ta sayo ba ta karɓi rasit ba. Wataƙila. Na cike daga jakata, ban gaya musu ba.

Sannan jan biron. Kuɗin marayu. Abin da ya rage a asusu ba namu ba ne, na ambaliya ne, ba a biyan wancan da wannan. An yarda zubin Juma'a ya koma dubu ɗaya har a cike. Mata biyu sun yi shiru, na san ba za su iya ba.

Uwar marayu uku ta tare ni a hanya, ta gaishe ni har ƙasa, ba ta tambaya ba. Na ce mata, "Ana nan ana ƙoƙari, Maman yara."

Talata, 1 ga Oktoba

Iyali tara suka rage a firamare. Su ne waɗanda ba inda za su koma, gidajen haya ne kuma sun rushe. Hedimasta na son azuzuwansa, da gaskiyarsa. Bulama na neman wanda zai ba da zaure ko shago.

Tukunyar Goggo muke amfani da ita yanzu, ta suna.

Shebur ɗaya bai dawo ba.

Asabar, 5

Jiya gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara. Dama tun Laraba yaro ɗaya a aji biyu ke gudawa, an kai shi asibiti, an ce da sauƙi. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwa ta zo bayan ta tashi aiki, ta nuna mana haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Na rubuta da alli a allon kowane aji. Buta da sabulu a bakin ƙofa, almajiri ɗaya na tsaye yana zuba wa duk mai shiga.

Yaya ta ce gobe za ta sake zagaya asibitoci. Zan bi ta in an sauke da wuri.

Saura shinkafa mudu tara, wake huɗu, mai rabin galan. Tela ya ce in an kawo rabin kuɗi zai fara yanka yunifom shida. Waɗanne shida?

Gobe a tambayi mai itace ko zai ƙara mana kwana uku.