Akwatin Da Ya Ƙi Karanta Faifai

A hunturun shekarar 2010, wani yaro a Kurawa, cikin ƙasar Gobir, ya ari ƙaramin akwatin DVD na kawunsa, mai aiki da batir, domin ya nuna wa ƙannensa fim. Da ya sa faifai, akwatin ya yi ta ƙugi, amma hoto bai fito ba. Ya sake wani faifai, haka nan. Sai gabansa ya faɗi, gama kawu sai da ya sayar da gero ya sayi akwatin nan.

Da fari ya so ya mayar da shi a ɓoye. Amma ya kāsa. Ya je ya durƙusa, ya ce, "Kawu, akwatinka ya lalace a hannuna."

Kawu bai yi faɗa ba. Kashegari suka tafi Sabon Birni wurin mai gyaran rediyo. Mai gyara ya buɗe murfi, ya nuna musu wani ɗan gilashi, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce, "Yaro, ga idonsa nan. Ta cikinsa hasken leza yake fita, ya karanta 'yan ramukan da ke jikin faifai, waɗanda idon mutum ba ya gani. Ƙurar hunturu ce ta rufe shi."

Ya goge gilashin a hankali da auduga. Faifan kuwa ya share shi da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba, domin karcen da ya bi kewaye ya fi hana karatu.

Nan da nan hoto ya fito tar. Da suka komo gida, yaron ya nemi ƙyalle, ya ɗinka wa akwatin jaka.