Daɓen Ɗakin Inna

Kafin zuwan siminti, daɓe aikin mata ne a ƙasar Hausa. Sukan taru su baza tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta yi tauri. A kan irin wannan daɓe mahaifiyata ta girma. Saboda haka da muka tashi gyara mata ɗaki, sai ta ƙi tayil mai ƙyalli da ake yayi, hujjarta kuwa ba ta tankwaruwa: tsohuwa ce mai yawan alwala, kuma ɗigon ruwa a kan santsi ya isa ya karya mata ƙugu.

Da ƙyar muka samo tayil ɗin siminti mai zane irin na da. Shi ba a gasa shi a wuta. Farin siminti ake kwaɓawa da garin dutse da launi, a zuba a gurabe na ƙarfe, a ƙara siminti da yashi a baya, sannan injin ya danne. A tsakiyar ƙarni na 19 aka fara yin sa a kudancin Faransa da yankin Kataloniya na Sifen, har aka nuna shi a baje-kolin birnin Faris na 1867. Launinsa ya nutsa cikin jikinsa, don haka tafin ƙafa ba ya kankare zanen.

Ɗakin mita 4 ne da 3. Kowane tayil santimita 20 ne tsawo da faɗi, wato 25 ke cika murabba'in mita, 300 ke nan, muka ƙara 30 saboda yanka da fashewa.

A wajen shimfiɗawa ne muka yi ja-in-ja da mai sa tayil. Ya saba farawa daga jikin bango.

"Malam, ai haka muke yi kullum," in ji shi.

Na ce masa wancan ba shi da zane. Bangon gidajenmu kuwa, kowa ya sani, ba safai yake miƙewa sak ba, kuma wanda ya bi shi furanninsa za su karkace tun daga bakin ƙofa. Muka ja igiya biyu suka gitta a tsakiyar ɗaki, muka jera tayil ɗin ba siminti har zane ya haɗu, yankakku suka koma gefe inda gado da akwatuna za su rufe. Daga nan aka jiƙa bayan kowane ɗaya, aka danna da tafin hannu, domin guduma tana tsaga launin. Aikin yini ɗaya ya ci uku, ladan ma ya ƙaru.

Aibinsa shi ne shan ruwa. Dole a bari ya bushe sarai, a shafe shi da maganin toshe ƙofofinsa, in ba haka ba manja ya zauna daram. Tsami kuma yana cin siminti, shi ya sa aka hana jikoki shiga da lemon tsami ko ruwan tsamiya.